IDAN IDO YA GA ABIN DA BABU: HAƘURI ZA A YI KO NEMAN MAGANI?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ɗan Adam, ya ba shi ji da gani da hankali, sa'an nan ya sanar da shi cewa za a tambaye shi a kan kowane ɗaya daga cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da ke damun mutane da yawa, amma ba safai ake kawo ta gaban malamai ba, domin masu ita ba su tabbata ko ta addini ce ko ta likita ba. A ɗauki misalin wani magidanci manomin dawa a wani ƙauye na ƙasar Zuru, wanda ya ba shekara hamsin baya. Wata rana yana dawowa daga sallar Asuba, gari ya fara wayewa, sai ya ga waɗansu baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje ko yanar gizo suna yawo a gabansa. Ya kai hannu ya kore su, bai taɓa kome ba. Da dare ya yi kuma sai ya riƙa ganin walƙiya a gefen idonsa na dama, alhali ana tsakiyar rani, babu ko ɗigon hadari a sama. Idon ba ya ciwo, bai yi ja ba, ba ya hawaye.

Da ya faɗa wa uwargidansa sai ta ce gajiya ce. A ƙofar masallaci wani ya ce lalle ya ratsa ta gindin tsamiya da magariba, ko kuwa wanda suke jayayyar iyakar gona da shi ne ya yi masa jifa. Wani dattijo ya ce tsufa ne, a yi haƙuri, abin da Allah ya rubuta ba makawa sai ya auku. Ɗansa, wanda ya yi makaranta, ya ce a tafi asibiti tun yau. Shi kuwa mutumin mai tsoron Allah ne, yana gudun kada garzayawa wurin likita a kan abin da ba ya ko ciwo ya zama raunin tawakkali. To, a cikin waɗannan shawarwari wace ce ta fi kusa da taƙawa?

RASHIN SANIN DALILI

Abu na farko da ya kamata a warware shi ne maganar jifa da iskoki. Musulmi bai musun samuwar aljanu, bai musun sihiri da kambun baka, domin nassi ya tabbatar da su. Amma tabbatar da samuwar abu daban, tabbatar da cewa shi ne ya sami wane a rana kaza daban. Wanda ya ce wa manomin nan jifa aka yi masa, ina hujjarsa? Iyakar abin da ya sani shi ne bai san dalilin walƙiyar ba. Sai ya ɗauki rashin saninsa ya mai da shi sani, har ya ɗora laifin a kan maƙwabci. Cikin wannan akwai zunubi biyu, watau faɗin abin da mutum ba shi da ilminsa, da kuma mugun zato ga Musulmi, kuma Alƙur'ani ya hana duka biyu, na farko a Suratul Isra'i, na biyu a Suratul Hujurati. Sau da yawa na uku yakan biyo baya, shi ne zuwa wurin boka ko mai duba, alhali Muslimu ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in.

Malaman farko sun ɗauki kalmar "ban sani ba" a matsayin ado ga mai ilmi. An san Imamu Maliku da yawan faɗinta, ko da mai tambaya ya taso daga ƙasa mai nisa. Amfanin wannan kalma kuwa shi ne tana tura mutum wurin wanda ya sani. Umurnin da ya zo a Suratun Nahli da Suratul Anbiya'i, na a tambayi ma'abota sani idan ba a sani ba, malamai sun kafa hujja da shi a kan cewa kowane fanni a koma ga masanansa. Mai son sanin hukuncin gado ba ya zuwa wurin maƙeri, mai son gyaran garma ba ya zuwa wurin alƙali. Haka nan abin da ke faruwa a cikin ƙwayar ido, mai na'urar leƙa cikinta shi ne ma'abocin saninsa.

Ƙasar Zuru da kanta tana da darasi a kan wannan. Shekaru aru-aru mutanen da ke zaune a bakin rafuka masu gudu, a kudancin Jihar Kebbi da wurare da yawa na Afirka ta Yamma, suna fama da ƙaiƙayi mai tsanani, fatarsu ta yi kaushi, ganinsu ya yi ta dushewa har su makance suna da sauran ƙarfinsu. A waɗansu ƙasashe har ƙauyuka suka tashi suka bar fadamu masu albarka. Ba wanda ya san dalili, kowa da abin da yake faɗi. Sai a 1926 wani likita mai suna Blacklock ya tabbatar a Saliyo cewa wani ɗan baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu shi ke ɗaukar tsutsar cutar daga mutum zuwa mutum. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta, aka shiga rabon sa ƙauye ƙauye, ana auna tsawon mutum da sanda a ba shi adadin ƙwayoyin da ya dace da shi. A Jihar Kebbi an yi shekaru ana wannan rabo da taimakon ƙungiyar Sightsavers, har hukumomin lafiya suka sanya jihar cikin waɗanda aka katse yaɗuwar cutar a cikinsu. A watan Janairu na 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Jamhuriyar Nijar ta rabu da wannan cuta, ita ce ta fari a Afirka. Dalilin yana nan tun fil azal a cikin halittar Allah, maganin ma yana nan, domin asalinsa wata ƙwayar halitta ce da aka samo a cikin turɓaya a ƙasar Japan. Mutane ne ba su kai gare su ba sai da suka nema. Wannan shi ne ma'anar hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud, mai nuna cewa babu cutar da Allah ya saukar face ya saukar da maganinta, sai dai wani ya san shi, wani ya jahilce shi.

ABIN DA IDO KE FAƊI

Likitocin ido sun san fassarar yawancin abubuwan nan da ke ba mutane tsoro. Cikin ƙwayar ido akwai wani ruwa mai kauri kamar farin ƙwai, a bayansa kuma akwai wani siririn labule na jijiyoyi wanda hoton abin da ake kallo ke faɗawa a kansa. Idan shekaru suka ja, ruwan nan yakan tsinke ya ja baya, sai inuwar 'yan dunƙule-dunƙulensa ta zama kamar ƙudaje masu yawo. Ga yawancin mutane wannan ba ya cutarwa. Amma wani lokaci ruwan yakan finciki labulen, shi ne walƙiyar da ake gani, har ya yage shi. Idan aka gano yagewar da wuri ana iya liƙe ta da hasken na'ura a zama guda. Idan aka bari, labulen yakan ɓamɓare, mutum ya ga kamar an sako baƙin zane daga gefen idonsa, kuma a nan kwanaki kaɗan ne tsakanin ceto da hasara. Manomin nan ba shi da hanyar sanin ko nasa marar lahani ne ko mai lahani, matarsa ma ba ta da ita, haka dattijon ƙofar masallaci.

Akwai waɗansu alamomin kuma. Wanda ganin ido ɗaya ya ɗauke masa na 'yan mintoci sa'an nan ya dawo, yana iya zama gargaɗi ne na shanyewar ɓarin jiki. Mace mai ciki da ta fara ganin dishi-dishi ko tartsatsi, ga ciwon kai, ga kumburin fuska da hannuwa, tana iya kasancewa a bakin jijjigar masu ciki, wadda ke kashe uwa da ɗa. Mai ciwon sukari da mai hawan jini sau da yawa a ido cutarsu ke fara bayyana ɓarnarta. Yaron da ke laluben bango da zarar magariba ta yi, watau mai dundumi, yawanci abincinsa ne ya rasa sinadarin da ake samu a manja da hanta da ganyaye da mangwaro, kuma idan ƙyanda ta same shi a wannan hali idon na iya lalacewa. Wanda ke ganin zobba masu launi kewaye da fitila, ga azabar ciwon ido da amai, shi ma bai kamata ya kwana bai ga likita ba.

Mafi haɗarin su duka kuwa ita ce cutar da ake ce wa gilakoma, wadda waɗansu ke kira hawan jinin ido. Nau'inta da ya fi yawa ba ya ciwo. Daga gefe take fara cin gani, sannu sannu, mutum yana ta karo da kaya yana cewa rashin kula ne, har ya wayi gari kamar mai leƙe ta cikin kara. Ta fi kama baƙar fata, tana kama su da wuri, tana bin dangi, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Iyakar abin da likita ke iyawa shi ne tsare abin da ya rage. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya duka tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kimanin mutum 4 cikin kowane 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, watau fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta ana iya hana ta ko warkar da ita. Yanar ido ce ta fi kowace cuta makantarwa, gilakoma na biye da ita.

Har ma ganin siffofin mutane da babu su yana da bayani a wurin likitoci. A 1760 wani masani na birnin Janeba mai suna Charles Bonnet ya rubuta labarin kakansa, wanda ganinsa ya yi rauni ƙwarai, amma yana ganin mutane da tsuntsaye da gine-gine da babu su, alhali hankalinsa garau. An gane daga baya cewa idan ido ya daina aika wa ƙwaƙwalwa hoto, takan ƙago nata. Dattijawa nawa ne a ƙauyuka ke ganin irin wannan su ɓoye, don gudun a ce sun taɓu ko aljanu sun shige su, alhali yanar ido ce da za a cire a cikin ɗan lokaci?

TAWAKKALI DA RIƘON SABABI

Saura maganar dattijon da ya ce a yi haƙuri, kuma ita ce ta fi nauyi, domin akwai gaskiya a cikinta. Buhari ya ruwaito daga Anas, Allah ya yarda da shi, hadisi ƙudusi mai bushara da Aljanna ga bawan da aka jarrabe shi da rasa idanunsa biyu ya yi haƙuri. Ya kuma ruwaito labarin matar nan mai farfaɗiya da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri da sakamakon Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Makanta ba aibi ba ce a Musulunci. Saboda Abdullahi ɗan Ummu Maktum aka saukar da farkon Suratu Abasa, ya yi ladanci, kuma an sha barin sa a kan Madina idan an fita yaƙi. A ƙasar Hausa ma Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne, bai hana shi zama fitila ga masu idanu ba.

Amma a lura da abin da busharar ta rataya a kansa. Jarrabawa ce da ta riga ta sauka, bawa ya karɓe ta da yarda. Ba a yi wa kowa alkawarin lada ba a kan ya zauna yana kallon ni'ima tana zubewa alhali yana da ikon tare ta. Wanda gobara ta cinye rumbunsa ya yi haƙuri yana da lada. Wanda ya ga hayaƙi na tashi a gindin rumbu, ga tulu cike da ruwa a kusa da shi, ya naɗe hannu ya ce yana jiran ƙaddara, ba mai hankalin da zai kira shi mai haƙuri, kuma iyalinsa da za su kwana da yunwa suna da hakki a kansa.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik cewa waɗansu Larabawan ƙauye sun tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko su yi magani, ya umurce su da su yi, ya sanar da su cewa kowace cuta tana da magani ban da tsufa. Tirmizi ya ruwaito cewa ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara ga Allah. A lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga Sargu bai shiga ba. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya nuna masa cewa daga wata ƙaddarar Allah yake gudu zuwa wata, kamar makiyayin da ya sami kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya busasshe, duk wanda ya kai dabbobinsa da ƙaddarar Allah ya kai su. Cuta ƙaddara ce, likita ma ƙaddara ne, motar da za ta kai mutum asibiti ita ma haka. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi aikin gaɓoɓi ne, ba su cin karo sai a wurin wanda ya rikita su. Manomin nan da kansa bai taɓa ƙin yin shuka ba don ya san arziki na Allah ne.

Malaman fiƙihu sun yi saɓani tun da a kan ko yin magani halal ne kawai ko mustahabbi ne. Dalilin sassaucin waɗansunsu a fili yake, domin maganin zamaninsu yawancinsa zato ne, yana iya yi yana iya ƙi. Da magani ya ƙara tabbata, sai hukunci ya bi shi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, ko rasa wata gaɓa, ko naƙasa, ko kuwa cutar mai yaɗuwa ce. Ido kuwa gaɓa ce da shari'a ta ba babbar daraja, har ta sanya cikakkiyar diyyar rai a kan idanu biyu, rabin diyya a kan ɗaya. Abin da aka tilasta wa wani ya biya rabin diyyar rai idan ya lalata shi, yaya mai shi zai yi sakaci da shi? Jiki amana ne a hannun mai shi, aro aka ba shi.

GADON MAGABATA

Mai ganin kamar asibitin ido baƙon abu ne ga Musulmi bai duba tarihinsa ba. Wajen shekara dubu da ta wuce Aliyu ɗan Isa na Bagadaza ya rubuta Tazkiratul Kahhalin, inda ya yi bayanin cututtukan ido fiye da ɗari. A zamani guda Ammaru ɗan Aliyu, mutumin Mausil da ya zauna a Masar, ya ƙago allura mai rami wadda ake zuƙe yanar ido mai taushi da ita. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar a Kitabul Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. Kafin su duka akwai Hunainu ɗan Ishaƙa, Kirista, likitan fadar Abbasiyawa, wanda ya rasu a 873, kuma likitocin Musulmi sun yi ƙarnuka suna karatu daga maƙalolinsa goma a kan ido ba tare da ƙyama ba. Wannan abin lura ne a ƙasa irin ta Zuru, inda Musulmi da Kirista ke zaune gida ɗaya, ciki ɗaya. Abin da ake nema ga likita shi ne ƙwarewa da amana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauki ɗan jagora wanda ba Musulmi ba a tafiyar Hijira, saboda ya san hanya kuma amintacce ne.

A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai da dama a kan likitanci, cikinsu har da Masugul Lujaini a kan maganin ido. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema a aiko masa har da likita. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai ma ba su bar mas'alar ba. A Muhtasar na Halil, a babin salla, an tattauna hukuncin wanda aka yi wa aikin yanar ido har ya kasa sujada: an halatta masa idan zai yi salla a zaune, aka yi saɓani idan sai ya kwanta rigingine, waɗansu malaman mazhaba kuma suka inganta cewa shi ma yana da uzuri. Mai ɗiga maganin gilakoma kuma kada ya dakatar da shi don azumi. Majalisar nan ta Jidda a 1997 ta sanya ɗigon ido cikin abubuwan da ba su karya azumi matuƙar an guji haɗiye abin da ya kai maƙogwaro. Mai bin ra'ayin da ya fi tsanani yana iya roƙon likita ya tsara masa lokutan ɗigawa tsakanin buɗa baki da sahur.

WANE NE MAI MAGANI?

Umurnin neman magani bai zama izinin miƙa ido ga kowa ba. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin likitanci ba. Har yanzu akwai masu yawo kasuwa kasuwa suna soka tsinke a ido su tura yanar zuwa ciki. Mutum yakan ga haske a ranar ya yi murna, bayan makonni idon ya mutu, mai tsinke kuwa ya daɗe da barin gari. Binciken nan na 2005 zuwa 2007 ya sami cewa mafi yawan idanun da aka yi wa wannan aiki a makance suke. Haka nan ɗiga ruwan ganye, ko fitsari, ko ruwan sukari, ko sayen maganin ɗigawa a kanti ba da umurnin likita ba, domin waɗansu daga cikin magungunan nan masu kwantar da jan ido, idan aka daɗe ana sa su, su da kansu suna jawo gilakoma da yana. Addu'a da ruƙya ta shari'a kuwa ba a hana su ba, sunna ce, a yi su a gida, a yi su a hanya, a yi su a kan bencin asibiti. Abin da ba shi da kyau shi ne a mai da su dalilin jinkiri.

Wani zai ce, to idan aka sha wahalar tafiya, aka kashe kuɗin da aka tara don taki, likita ya duba ya ce babu kome fa? Wannan yana faruwa, kuma sau da yawa. Ƙudajen nan na iya zama na shekaru kawai. Hasken da ke rawa kamar haƙoran zarto na minti ashirin ko talatin sa'an nan ya wuce yana iya zama na ciwon ɓarin kai. Wani lokaci ma likita ya yi iyakar bincikensa bai gano dalili ba, domin ilmin ɗan Adam kaɗan ne. Duk da haka tafiyar ba ta zama banza ba. Mutum ya sauke amanar da ke wuyansa, ya wanke maƙwabcinsa daga zargi, an auna jininsa da sukarinsa, an faɗa masa alamar da in ya gani zai komo da gaggawa. Daga nan ne fagen haƙuri ke buɗewa, haƙurin wanda ya yi abin da ke kansa ya bar wa Allah abin da ke nasa.

HAKKIN JAMA'A

Ba za a rufe ido ga halin da talaka ke ciki ba. Mutumin Wasagu ko Bena ko Dirin Daji ko Mahuta kafin ya isa Babban Asibitin Zuru sai ya yi kuɗin mota, ga rashin tsaron da ya addabi Danko-Wasagu da Sakaba a shekarun nan. Idan aikin ya fi ƙarfin nan kuma sai an tura shi Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano wanda ke aiki tun 1943. Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba ya iyawa, wanda ya rasa hali babu laifi a kansa. Sai dai nauyin da ya sauka daga kansa ba ɓacewa ya yi ba, ya koma kan danginsa da mawadatan garinsu da hukuma. Imamu Gazali a Ihya'u ya lissafta ilmin likitanci cikin farillan kifaya, ya kuma yi kukan yadda gari kan cika da masu fatawa ba shi da likita Musulmi ko ɗaya. Ƙasar da ta shahara da ba Nijeriya sojoji ba za ta gaza ba ta likitocin ido ba, idan iyaye suka sa 'ya'yansu, maza da mata, a wannan hanya. Zakkar da aka ba matalauci ya je aka cire masa yana ta mai da mai bara manomi, ta kuma 'yantar da yaron da ke jan sandarsa ya koma makaranta. Miji kuma da ya hana matarsa zuwa asibiti, ko ɗan da ya ce wa mahaifiyarsa ai tsufa ne don kada ya kashe kuɗi, su shirya amsar da za su bayar.

Saboda haka shawarar yaron nan ɗan makaranta ita ce ta fi kusa da taƙawa, ko da shi ne mafi ƙarancin shekaru a cikin masu magana. Abin da ya dace da manomin shi ne ya yi alwala, ya roƙi Allah waraka domin shi ne Mai warkarwa, ya sa hularsa ya nufi tasha tun rana ba ta yi ba. In an ceci idon ya yi godiya, ya ci gaba da karatun Mus'hafinsa da ganin fuskokin jikokinsa. In kuwa Allah ya ƙaddara akasin haka bayan ya yi iyakar ƙoƙarinsa, to busharar hadisin Anas tana jiransa, kuma zai karɓe ta da zuciyar da babu da-na-sani a cikinta.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiyar da bayinsa daɗin jinsu da ganinsu da ƙarfinsu muddin suna raye, ya haskaka zukata da hasken shiriya. Allah ne Mafi sani.